In An Ce Ki Tashi Ki Yi Bayani Gaban Manya

 Yau a filin namu za mu taɓa wani abu da ke cin mata da yawa a rai, amma ba su cika faɗa ba, watau tsayawa gaban manya a wurin aiki don neman wani abu.

Mata da yawa yanzu suna aiki. Wasu suna koyarwa, wasu suna asibiti, wasu suna ofis ko banki. Kowace kuwa, ko ba daɗe ko ba jima, ranar za ta zo da za a ce mata, "Malama, tashi ki yi mana bayani." Sau da yawa wadda ta fi kowa sanin al'amarin ita ce za ta miƙe murya na rawa, ta sunkuyar da kai kan takarda, ta karanta tun daga fari har ƙarshe, ta zauna. A ce mata an gode, za a duba. Kun dai san ma'anar "za a duba" a bakin manya. Abin da ta roƙa ya tafi ke nan, kuɗin kuma a ba wani da ya iya baki, ko da bukatarsa ba ta kai tata ba.

Asarar kuwa ba tata ce ita kaɗai ba. In ungozoma ce ta roƙi fitila don ɗakin haihuwa aka hana, masu naƙuda ne za su haihu da tocilan. In malama ce ta roƙi benci aka hana, yara ne za su ci gaba da zama a ƙasa. Kada kuma uwargida ta ce wannan ba ruwanta tun da ba ta zuwa ofis. Akwai taron iyaye da malamai, akwai ƙungiyar adashi, akwai ranar da matan unguwa za su aike ki wurin mai unguwa kan maganar rijiya. Ke kuma 'yar makaranta, muhawarar da kike gudu yau ita ce share fagen wannan rana.

Abin da nake so in fara tuna muku shi ne, rabin gwanintar nan a gida muka gaje ta. Wa ke yi wa yara tatsuniya in ba mata ba? Ku dubi yadda kaka take yi. Ba ta fara da yi wa yara wa'azi a kan kwaɗayi. Sai ta kawo Gizo, ta sa masa yunwa, ta ajiye abinci inda bai kamata ya taɓa ba. Daga nan ba yaron da zai yi gyangyaɗi sai ya ji yadda aka ƙare. Babba ma haka yake, ko da yana sanye da babbar riga. In kika kawo masa mutum guda, da abin da yake nema, da abin da ya tare masa hanya, kunnensa zai tsaya.

An ma gwada wannan. A 2007 wasu malaman jami'a uku a Amurka, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi. Sun ba ɗalibai dala biyar biyar, sa'an nan suka miƙa musu takardar neman taimako ta ƙungiyar Save the Children. Wasu an ba su takarda mai lissafin miliyoyin mutane da yunwa ta kama a ƙasashen Afirka irin su Malawi da Zambiya da Habasha. Wasu kuwa an ba su labarin yarinya guda 'yar shekara 7 a ƙasar Mali. Waɗanda suka karanta labarin yarinyar sun ba da kusan ninki biyu na abin da masu lissafi suka bayar. Abin mamaki, da aka haɗa wa wasu labarin da lissafin wuri guda, sai kyautar ta ragu, ba ta kai ta masu labari zalla ba.

To, kada wata ta ji wannan ta ce ashe sai a watsar da lissafi. Waɗannan ɗalibai daga aljihunsu suke ba da sadaka, ba mai tambayarsu. Shugabanki kuwa kuɗin da ke hannunsa ba nasa ba ne, akwai na sama da shi da zai tambaye shi dalili, kuma ba zai iya cewa tausayi ne ya kama shi ba. Darasin da ni na ɗauka shi ne, kada ki zuba lissafi a kan labari har ya danne shi. Labari ya fara shiga, ya zauna, kana ki kawo adadi ɗaya ko biyu da za su nuna cewa abin bai tsaya kan mutum guda ba.

Macen da ta nuna wa duniya yadda ake sa adadi ya yi magana ita ce Florence Nightingale, wadda duk 'yar makarantar jinya ta san sunanta. A 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, da Ingila da Faransa da Turkiyya suka haɗu a kan Rasha, ta tafi asibitin soja na Scutari, tsallaken ruwa daga Istanbul, tare da mata 38 masu jinya. Da ta koma gida ta zauna da wani masanin ƙididdiga mai suna William Farr suka bi lissafin mamata. Sai ga shi sojan da cututtuka suka kashe, irin su zawo da kwalara da zazzaɓin ƙazanta, sun fi waɗanda rauni ya kashe nesa ba kusa ba. Ta rubuta rahoto wanda ya haura shafi 800. Amma wane babba ne zai zauna ya karanta shafi 800? Don haka a 1858 ta fitar da wani zane. Da'ira ce ta yanka ta gida 12 kamar yankan kankana, kowane yanki wata guda. Ta sa shuɗi ga waɗanda cutar da ake iya hanawa ta kashe, ja ga waɗanda rauni ya kashe, baƙi ga sauran. Kowa ya ɗora ido sai ya ga shuɗi ya cinye takardar, ja kuwa ɗan ƙanƙane a tsakiya. Ta kuma ajiye da'irar shekara ta biyu a gefe, inda shuɗin ya tsuke bayan da aka wanke magudanai aka gyara ruwa da iska a 1855. Ko ba a ce komai ba, labari ya cika: ga yadda ake mutuwa, ga abin da aka yi, ga yadda mutuwa ta ragu. Gani ya kori ji.

Bari mu sauko da maganar gida. A ce ke malama ce a makarantar 'yan mata, makewayin makaranta ba ƙofa, ba ruwa. Kin lura manyan 'yan mata sukan tafi gida lokacin tara, da yawa ba su dawowa. An ba ki minti biyar gaban shugabar makaranta da kwamitin iyaye da malamai. Me za ki ce?

Tun kafin ranar, ki tsayar da abu guda da za ki roƙa. Na san rufin aji yana yoyo, alli ya ƙare, bencina sun karye, amma taura biyu ba ta taunuwa. Wadda ta roƙi abu bakwai ta ba su damar su zaɓi mafi arha su sallame ta. Sa'an nan ki ɗauko rajista, ki ƙirga masu amsa suna da safe da masu amsawa bayan tara, na wata guda cur. Ki je wurin kafinta da mai aikin famfo su rubuta miki kuɗin aiki. Duk wannan ba mai yi miki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

In ranar ta zo, bayan gaisuwa, sai ki fara kamar haka: "Ranku ya daɗe, akwai wata yarinya a ajina, ba zan faɗi sunanta ba. Ita ce ta fi kowa lissafi. Amma darasin lissafi bayan tara muke yinsa, ita kuwa kwana huɗu ko biyar a kowane wata kujerarta ba kowa. Da na tambaye ta a keɓe, sai ta sunkuyar da kai ta ce, Malama, ba ƙofa." Ki ɗan yi shiru nan. Kada ki ji tsoron shirun, aiki yake yi miki. Kana ki ce, "Na duba rajista, ba ita kaɗai ba ce. A watan jiya yara kaza ne suka amsa suna da safe ba su amsa bayan tara ba. Ƙofa biyu da randa da buta, kuɗinsu naira kaza ne, ga takardar kafinta. Ina roƙon a yarda a yi kafin jarrabawa." Shi ke nan. Ba ki zargi kowa ba, ba ki ce shugaba ta yi sakaci ba. Kin bar musu wurin da za su shiga labarin su zama su ne suka gyara shi, mutum kuwa yana son wannan.

Yanzu sai maganar na'ura, wadda na san ita 'yan makaranta ke jira.

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a ƙarshen Nuwamba 2022, ire-irenta sun yawaita. Google na da Gemini, Microsoft na da Copilot, tun 2024 kuma masu WhatsApp a Nijeriya suna ganin Meta AI cikin wayarsu. Su ne ake kira ƙirƙirarriyar basira. Za ki rubuta mata magana kamar kina yi wa ƙawarki wasiƙa, ta amsa miki nan take. Yadda take aiki kuwa, an ɗura mata rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, har ta gane wace kalma ce ta saba bin wace. In ta ba ki amsa, jera kalmomi take yi bisa abin da ya fi kama da daidai. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Amfaninta ga mai shirya bayani babba ne, ban ƙi ba. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa ba a shiga aji sai da shirin darasi, a san waɗanda za a koya wa, da minti nawa, da abin da ake so su fita da shi. Haka za ki yi mata. Kada ki ce kawai, "Rubuta mini jawabi a kan makewayi." In kin yi haka za ta ba ki dogon surutu mai daɗin ji wanda ya dace da kowace makaranta a duniya, bai kuwa dace da taki ba. Ki gaya mata ke wace ce, su wa za su saurare ki, me ke damunsu, minti nawa aka ba ki, me kike so su yarda da shi kafin su tashi. Sa'an nan ki zuba mata abin da kika tara, ko da a hargitse yake, ki ce ta jera miki shi, ta fara da labarin, ta ƙare da roƙon, kada ta ƙara ko kalma ɗaya ta labari ko adadi da ba ke kika ba ta ba. In ya yi tsawo ki ce ta rage shi rabi. Wannan aiki ta iya shi ƙwarai, kuma ba ta gajiya ko sau goma kika mayar da ita.

Amma inda na fi ganin amfaninta wani wuri ne dabam. Ki ce mata ta zama ma'ajin kwamiti, mutum mai riƙon kuɗi da ba ya son a taɓa asusu, ta yi miki tambayoyi masu zafi. Za ta tambaye ki me ya sa ba za a jira zango mai zuwa ba. Za ta ce wa zai riƙa ɗebo ruwan, wa zai gyara ƙofar in ta sake karyewa, ina shaidar cewa makewayin ne ke korar yaran ba tallan rana ba. Gara ki ji waɗannan a ɗakinki da dare, ki nemo amsa, da ki ji su farat ɗaya gaban mutane ki tsaya kina inda-inda. Ƙawarki za ta ji nauyinki ta ce jawabin ya yi kyau. Na'urar ma takan yi wannan daɗin baki in ba ki hana ta ba, don haka ki ce mata ba yabo kike nema ba, aibu kike so ta nuna miki.

To, ga inda haɗarin yake. Hausa ta raba tatsuniya da labari, ba kuwa a banza ba. Tatsuniya ƙagaggiya ce, kowa ya sani, mai yi da mai ji. Labari kuwa abin da ya faru ne, ana iya tambayar mai ba da shi a ina, yaushe, gaban wa. Iyayenmu sun hana yin tatsuniya da rana, ofis kuma da rana ake zuwa. Ita wannan na'ura ba ta san bambancin ba. In kika ce ta ba ki labari mai taɓa zuciya, nan da nan za ta haifa miki yarinya, ta raɗa mata suna, ta ba ta uwa marar lafiya, ta kuma ƙara da wani adadi ta jingina shi ga wata babbar hukuma. Ba mugunta ba ce, jera kalmomi take yi kamar yadda na faɗa. Amma ba ita za ta tsaya gaban kwamiti ba. Ke ce wani dattijo zai duba ya ce, "Malama, 'yar gidan wa ce wannan yarinya?" Ramin ƙarya ƙurarre ne. Daga ranar ko gaskiya kika kawo sai an yi shakka, makewayin kuma yana nan ba ƙofa.

Kada ku ce ai wannan sai marasa ilimi. A 2023 wasu lauyoyi biyu a Amurka sun miƙa wa kotu takarda mai ɗauke da hukunce-hukuncen shari'u na baya don kafa hujja. Da aka bincika sai aka tarar shari'un nan ba a taɓa yin su ba, ChatGPT ce ta ƙaga su har da sunaye da lambobi. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000, labarinsu kuma ya zaga duniya. Don haka duk adadin da ba ki ga asalinsa da idonki ba, ko a rajista, ko a rasit, ko a takardar hukumar da aka ambata, kada ya shiga bakinki.

Abu na biyu shi ne amana. Abin da kika rubuta wa na'urar nan ba cikin wayarki yake tsayawa ba, yana tafiya can wurin kamfanin da ya yi ta. A 2023 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a kan kayan aikin kamfani, bayan wasu sun zuba asirin aikinsu cikin ChatGPT. A 2023 ɗin kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan mutane a Nijeriya. Ko ba doka ma, kunya ta isa. Kada ki rubuta sunan ɗaliba, ko na majinyaciya, ko ciwon da ke damunta, ko albashin wani. Ki ce "wata yarinya" ya wadatar. In labarin na mutum ne da za a iya gane shi ko ba suna, ki nemi izininsa tukuna, in yarinya ce ki nemi na uwarta.

Sai kuma harshe. Yawancin abin da aka ɗura wa na'urorin nan Turanci ne, rubutun Hausa kaɗan ne a ciki. Shi ya sa Hausarsu takan fito kamar an sa wa Bature zane, kalmomin namu ne amma tafiyar ba tamu ba ce. Takan kira shugabar makaranta "kai", ta manta gaisuwa, ko ta kawo karin maganar da ba Bahaushen da ya taɓa ji. In da Hausa za ki yi bayanin, ki karɓi tsarin daga gare ta, amma kalmomin ki sake su da bakinki. Ki karanta da ƙarfi gaban yayarki ko ƙanwarki. Duk inda harshenki ya yi tuntuɓe, ko ƙanwar ta yi dariya, ba maganarki ba ce, ki cire.

Game da majigi ba zan daɗe ba. Na'urar tana iya shirya miki shafukan PowerPoint ashirin kafin ruwan shayi ya tafasa, da furanni da launi. Kada ki ruɗu. In shafi ya cika da rubutu, mutane karatu za su yi su bar saurarenki. Tun 2004 Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya hana manyan ma'aikatansa kawo irin waɗannan shafuka taro. Ya ce a rubuto bayani cikakke cikin jimloli, wanda daga baya ya tsaya kan shafi 6, kowa ya zauna shiru ya karanta kafin a fara magana, don a ganinsa gajerun layuka suna ɓoye tunanin da bai nuna ba. Ke minti biyar gare ki. Hoto ɗaya na makewayin yadda yake, da zane ɗaya mai sanda biyu, doguwa ta masu zuwa da safe, gajeriya ta masu saura bayan tara, sun isa. Ki kuma zana shi a kan kwali ki riƙe a jaka, don kun san halin wutar lantarkinmu, ba ta ɗaukewa sai an kai tsakiyar magana.

Ran taro ki isa da wuri. Ki gaishe da kowa gwargwadon girmansa, amma kada gaisuwa da ban haƙuri su cinye miki minti biyu. Mu mata mun cika fara magana da "ku yi haƙuri, ni ban iya magana ba." Ki bar wannan, in kin faɗa za su yarda da ke. Kunya ado ce, amma ɗaga murya yadda na bayan ɗaki zai ji ba rashin kunya ba ne. In an yi miki tambayar da ba ki da amsarta, ki ce za ki bincika ki kawo ranar kaza, ki kuwa kawo.

In kin gama, ki miƙa wa shugaba takarda guda mai ɗauke da roƙon da kuɗin, ki ba magatakarda ɗaya don ya shiga littafin taro. In aka ce miki za a duba, sai ki rusuna ki ce, "Na gode, ranki ya daɗe. Wace rana zan dawo in ji?" Ki rubuta ranar a gabansu.

Wadda ta gwada, ta rubuto wa filin nan ta gaya mana yadda ta kaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.